Rediyon Baba Nomau da Ƙarfen Maƙeri

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kashe rediyon Baba Nomau ba, a gaban mutane, da hannuna. Lokacin ba a daɗe da samun 'yanci ba, an turo ni Kalfu mushen lakwal, wato malamin makaranta, kaina cike da iska.

Wani ɗan littafin Faransanci na tsinta a Tawa, mai bayanin cikin rediyo. In an tashi yara sai in zauna gindin gawo ina kallon zanen wani faranti da suke kira sirkwi amprime, wato allon da ake shimfiɗa wa siraran hanyoyin jan ƙarfe maimakon waya. Ni gari nake gani a ciki. Ga tituna, ga mararraba, ga ɗigon dalma kamar rijiyoyi, murya na tafe daga Yamai tana bin lungu-lungu har ta fito. Ina lumshe ido sai in ga an kira ni babban birni, na sa farar riga, ƙasa duka tana sauraren abin da na ƙera (alhali ko murfin rediyo ban taɓa buɗewa ba).

Baba Nomau, dattijon da ya sauke ni a gidansa, shi kaɗai ke da rediyo a unguwar. Ɗansa Illa ya aiko da ita daga Abijan, shekara huɗu rabonsu da juna. Wani da ya dawo cin rani ya kawo saƙo cewa Illa ya tura gaisuwa gidan rediyo, ranar Lahadi za a karanta sunan Baba. Ita kuwa rediyon ta ɗan fara shaƙewa, tana magana tana yankewa.

"Baba, kawo ta, wannan ai aikina ne," in ji ni. Wa ya aike ni?

Na buɗe ta a zaure, dattawa sun kewaye ni. Wayyo, kyau! Ga garin nan nawa a tafin hannu. Na dinga nunawa da tsinke: wannan rezistansi, mai rage ƙarfin wuta, wannan tiranzisto, shi ne zuciyar. Suna ta "ikon Allah". Kuma fa na gano ciwon, dalma ce ta tsage a ƙafa ɗaya. Littafi ya ce a narka ta da ƙarfe mai zafi. Bai faɗi girman ƙarfen ba, ko kuwa ya faɗa ina can cikin farar riga.

Sai na sa aka kira maƙeri da ƙarfen da yake liƙe bokiti da buta. Ya zuga shi a gawayi har ya yi ja, ya dube ni.

"Mushe, wanga ƙarhe na bokiti na fa."

"Kai dai miƙo," na ce.

Na ɗora. Cuu! Hayaƙi ya tashi da wani wari, hanyoyin jan ƙarfen suka ɓare suka nannaɗe kamar ɓawon albasa. Na mayar da pil, wato batir, na murɗa. Shiru. Na sake murɗawa, gumi na bin gadon bayana. Ko shaƙewar ma babu. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Baba ya naɗe rediyonsa a tsumma.

Lahadi da la'asar wani ɗan unguwa ya dawo daga kasuwar Tawa ya ce ya ji gaisuwar a shagon tela. Sau uku Baba ya sa shi ya maimaita. "Mi yac ce? Ya ambaci uwatai?" Ina daga ɗaki ina ji, kunya da tausayi sun hana ni fitowa.

Washegari ya kira ni, ya ce in zo da takarda da alƙalami.

"Rubuta ma Illa. Ka ce mun ji gaisuwa sarai, rediyo na nan lahiya lau."

Na ɗago kai.

"Rubuta, Mushe. Wanga dai ka iya shi."

Na rubuta. Tun ranar na gane sanin sunan abu daban, iya shi daban. Kuma in ƙwarewa ta motsa maka, fara gwada ta a kan kayanka.