Rasuwar Dutsen Guga, Wadda Tuwon Rogo Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da muka yi iya yinmu ya ƙi haɗiyuwa, mu iyalan gidan Mhone na Nkhata Bay da Mzuzu muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar ɗanmu Wongani, ɗalibin digiri na biyu. Mai ita yana kiranta Damisa. Mu da muka sha zafinta, Dutsen Guga muke ce mata, kuma da wannan sunan za a sallame ta. Ta cika ranar Asabar da hantsi a ɗakin girkin Gwaggo NyaLongwe, bayan gajeriyar jinya, a hannun mutum biyu da suka fi kowa nufinta da alheri.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa, amma a wani shago na Lilongwe Wongani ya gamu da ita, lokacin da tallafin bincikensa ya fito. Aikin da aka tallafa masa ya yi ba ɓoyayye ba ne. Zai tattara waƙoƙin da matan bakin tafki ke rerawa a kan turmi, waɗanda injin niƙa ya kusa gamawa da su, ya rubuta kundi a kansu. Babbar rijiyar da zai ɗiba kuwa ita ce kakarsa, Agogo, mace ta ƙarshe a ƙauyenmu da ta san su tun daga kai har wutsiya. Malamarsa Dakta Gondwe ta ce ya nemi kwamfuta mara nauyi, wadda batirinta zai kai shi yini guda a inda babu lantarki. Mai shago ma, Allah ya saka masa, irin wannan ya fara ajiye masa a kan tebur. Wongani ko kallo na biyu bai yi mata ba. Idonsa na kan wata baƙa mai kauri a cikin gilashi, wadda madannanta ke sauya launi daga ja zuwa kore.

Yayarsa Tiwonge, da ta raka shi, ta gwada ɗagawa ta ajiye.

"Wongani, wannan ɗauka za ka riƙa yi ko turawa a baro?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Aikin murya yana son inji mai ƙarfi."

"Muryar Agogo ce ke son fitila ja da kore?"

"To, kuma mutum in ya gaji da karatu ai yakan ɗan taɓa wasan ƙwallo na kwamfuta. Kaɗan-kaɗan dai."

Muna roƙon masu ta'aziyya su riƙe wannan kaɗan-kaɗan ɗin da kyau, domin za su sake gamuwa da shi a gaba.

Ba a faɗin aibin mamaci, saboda haka halayenta na kirki kawai za mu ambata. Marigayiya mai nauyi ce, ba ta san rawar kai ba. Inda aka ajiye ta nan ake samunta, don babu ɓarawon da zai yarda ya yi gudu da ita. Masu keken haya na Mzuzu sun san ta farin sani. Da sun hango Wongani ya karkace gefe guda sai kowa ya sunkuya yana duba tayarsa, har wani ya taɓa ce masa, "Bwana, kai zan kai, ita kuma sai ta jira mota." Mai kyauta ce wajen ɗumi. A sanyin Mzuzu babu wanda ya kunna gawayi a ɗakin Wongani, a bakin iskarta ake shanya safa. Mai zumunci ce kuma, ba ta iya rabuwa da bango. In aka cire ta daga wuta, kafin shayi ya huce ta sume. Don haka duk inda za ta, sai da cajarta, wadda ita ma ta kai rabin bulo.

Muryarta ba za ta fita daga kunnenmu ba. In an buɗe mata kundin digiri, takan yi shiru kamar mai jin kunyar baƙo. Amma da an buɗe ƙwallo sai fankokinta biyu su tashi, fuuuuu, har maƙwabta su leƙo su ga ko ruwa ne ya sauko. Shaidarmu ita ce mun fi jin fuuuuu ɗin.

Duk da haka ta yi aiki ɗaya da ya fi ƙarfin raini. Tunda ba ta iya zaman ƙauye, Wongani yakan ari ƙaramar na'urar ɗaukar murya daga sashensu, ya je ya zauna gindin mangwaro Agogo na daka rogo tana waƙa. In ya koma Mzuzu sai ya juye a cikin Dutsen Guga, ya share na'urar ya mayar. Haka aka yi ta yi har ya kwashe duk abin da tsohuwa ta sani: waƙar da ake yi wa miji mai dogon zama a mashaya, da ta zagin suruka a fakaice, da ta kiran masunta in sun daɗe a ruwa, da wadda ake yi in an binne yaro. Agogo ba ta iya waƙa sai da taɓarya a hannu. Ta ce baitin yana cikin kafaɗa ne, sai an buga yake faɗowa.

Sau ɗaya ya cicciɓo marigayiya ya kai wa Agogo don ta ji kanta. Ta saurara har ƙarshe, ta taɓa bayan kwamfutar ta janye hannu da sauri.

"Wannan zazzaɓi take yi. A cikinta ka zuba ni?"

"Agogo, ku kwantar da hankalinku. Abin da ya shiga nan ba ya ɓata. Jikokin jikokinku za su ji ku."

"To," in ji ta. Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da wata waƙa da ke farawa da cewa, na ba da ajiya, mai ajiya ya tafi kallon rawa. Wongani ya yi dariya, ya ce wannan ma ya riga ya ɗauke ta.

Dakta Gondwe, da ta ga irin abin da ake tarawa, ta ba shi wata ma'ajiya ta waje, irin wadda ake jona wa kwamfuta, daga aljihunta, ta ce ya riƙa ajiye kwafi. Ya ajiye kuwa, ba za mu yi masa ƙarya ba. Sai da sabon wasan ƙwallo ya fito, ya zo da girman da cikin marigayiya ya kasa ɗauka. Wongani ya duba nan ya duba can, ya ga ai waƙoƙin nan suna wuri biyu, almubazzaranci ne. Ya share na wajen ya zuba wasanni. Agogo ta rasu a daminar da ta biyo baya, tana da tabbacin an adana ta.

Yanzu sai jinyar ƙarshe. Da aka sa ranar bikin buɗe dutsen da aka kafa a kan kabarin Agogo, dangi suka yanke cewa bayan addu'ar fasto za a sa muryarta kowa ya ji. Aka ɗauko hayar lasifika. Mutane suka taso daga Rumphi da Karonga, har da ɗan'uwanta da ke aiki can ƙasar waje, a birnin Joni. Wongani ya baro Mzuzu ranar Juma'a a bayan buɗaɗɗiyar mota, domin ƙananan bas sun cika. Marigayiya ba ta taɓa samun jakar da ta rufe ta duka ba, kullum kusurwa ɗaya na waje tana shan iska. A gangaren da ke sauka tafki ruwa ya kece, kuma ta wannan kusurwar ya shiga.

Ya iso gidan Gwaggo NyaLongwe, ƙanwar mahaifiyarsa, yana rungume da ita, ruwa na ɗiga daga madannai.

"Gwaggo, shinkafa! Ku ba ni shinkafa in binne ta a ciki, ta tsotse ruwan."

"Shinkafar baƙin gobe? Wadda fasto zai ci? Ka san daga Karonga aka kawo ta?"

"Gwaggo, Agogo ce a cikin nan."

"To in Mama ce a ciki, me ya haɗa ta da shinkafa? Matar da ta ce shinkafa abincin marasa lafiya ce? Kawo nan."

Ta buɗe babbar robar garin rogo, wanda ake tuƙa kondowole da shi, tuwon nan namu mai danƙo da in ya kama tukunya sai an jiƙa ta kwana. Ta haƙa rami, ta kwantar da marigayiya, ta rufe, ta daddanna da tafin hannu.

"Garin da ya raine ku har kuka yi digiri, shi ne zai kasa shanye ɗan ruwan nan?"

Gwaggo ba mu ga laifinta sosai ba. Abin da ta sani ta yi, kuma da zuciya ɗaya ta yi shi. Amma Wongani mai karatu ne, ya san ramukan da iskar marigayiya ke shiga, ya kuma san garin rogo tun yana rarrafe. Ya tsaya yana kallo, har ya ce a ƙara ta gefen hagu.

Da hantsin Asabar, mutane sun fara haurawa maƙabarta, ya tono ta ya kakkaɓe ya danna. Ga ikon Allah, ta farka. Fitilunta suka kama, ja da kore, kamar babu abin da ya taɓa faruwa. A nan ne muke so masu ta'aziyya su nutsu. Tiwonge na tsaye a kansa da 'yar ma'ajiyarta ta maƙale a makulli.

"Maza kwashe waƙoƙin ka zuba a nan, tun tana numfashi."

"Yaya, bari in gwada lafiyarta tukuna. Ba a sanin inji ya warke sai an ba shi aiki mai nauyi."

"Wongani."

"Rabin wasa kawai. Kaɗan."

Ya buɗe ƙwallo. Fankokin suka tashi da dukan ƙarfinsu, suka zuƙe garin da ya cika ramukan, suka kai shi inda ruwan jiya ke kwance. Ga gari, ga ruwa, ga wutar da ke busar da safa. Duk macen da ke bakin tafkin nan ta san abin da ke fitowa in waɗannan uku suka haɗu. Fuuuuu ya koma furrr, furrr ya koma ƙwat, ƙwat, ƙwat. Gwaggo da ke tsakar gida ta ɗaga hanci ta tambaya wa ya ɗora tuwo bai gaya mata ba. Sai wani ɗan hayaƙi ya fito ta gefen hagu, fuskar marigayiya ta yi baƙi. Ƙungiyar Wongani ce ke kan gaba a lokacin, ya so a faɗi wannan a sanarwa, ga shi mun faɗa.

A maƙabarta an yaye zanen da ya rufe dutse, fasto ya yi addu'a, aka juyo ana kallon lasifika. Wongani ya tsaya hannu rabbana, da gari har a gira. Ɗan'uwan Agogo da ya taso daga Joni ya cire hularsa don ya saurari 'yar'uwarsa, ya daɗe a haka, sannan ya mayar da ita. Ba wanda ya zagi Wongani a wurin, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mun ji ciwon wannan shirun, har yau muna ji.

Bambo Nyasulu, mai gyara a kasuwar Mzuzu, shi ya tabbatar da rasuwar. Ya kwance bayanta, ya leƙa, ya aika a aro masa cokali. Ya ce wutar ta bi ta ma'ajiyar cikin ta cinye, babu abin da zai fito ko a Lilongwe ko a Joni. Ya ƙara da cewa tuwon dai ya nuna, saura kifi.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai rabin bulo, wadda ba ta shiga jikin kowace kwamfuta a ƙasar nan. Da jaka mai tsinkakken hannu. Da kafaɗar Wongani ta hagu, wadda ta fi ta dama sauka. Ta bar ma'ajiyar Dakta Gondwe cike da wasanni, lafiya ƙalau. Ta bar kuma ƙungiyar ƙwallon mai ita, domin ashe shi wasan da kansa yake ajiye kwafinsa a yanar gizo, ba ya jiran hankalin kowa. 'Yan wasa duk suna nan, babu wanda ya yi ko targaɗe. Daga kundin digiri, shafin farko ya tsira, mai ɗauke da suna da take, don shi kaɗai aka taɓa aika wa malama. Daga muryar Agogo babu abin da ya tsira.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a rumfar Bambo Nyasulu, inda za a raba gaɓoɓinta ga mabukata: fuska ga wata ɗalibar jinya, madannai ga duk mai sha'awar ja da kore. Ba a bukatar furanni. Wanda ya zo da shawarar wace kwamfuta ya kamata a saya nan gaba, ya riƙe abinsa, an riga an ba da ita tun a Lilongwe.

Zaman makoki kuwa a Nkhata Bay za a yi, gindin mangwaron Agogo, daga Lahadi har sai abin da hali ya yi. Gwaggo NyaLongwe ta fito da turmin tsohuwa ta wanke. Tunda baitin a kafaɗa yake, kuma kafaɗun matan da suka rage sun gaji, Wongani ne zai riƙe taɓarya, a gaban masunta da kowa, su tsofaffin su zauna su saurari bugun ko wani abu zai faɗo. Ana roƙon duk macen da ta taɓa daka kusa da Agogo, ko da rabin baiti ta riƙe, ta daure ta zo.

An gwada jiya. Ya yi daka har tafinsa ya fashe, bai ce a tsaya ba. Layi ɗaya ya dawo, daga bakin Gwaggo: na ba da ajiya, mai ajiya ya tafi kallon rawa. Daga nan ta tsaya, ta rufe fuska da zane. Wanda ya san abin da ke biye da shi, don girman Allah ya zo ya gaya mana.