Birin da Ya Cire wa Waliyyi Hula

Ba zan taɓa mantawa da ranar da biri ya tona mini asiri a gaban surukai ba, birin da ni da kaina na ceto.

A kasuwar Gummi na fara ganinsa. Wani gardi yana jan sa da sarƙa, ƙugunsa duk gyambo. Da an buga ganga sai ya yi rawa, ya fizge hular wani, ya zagaya da ita ana jefa masa kyauta. In ya yi nawa, sai bulala. Na tsaya na yi wa gardin nasiha kan haƙƙin dabba (ni dama ban iya gajarta magana ba), har Sarkin Kasuwa ya gaji, ya sa aka kwance birin aka miƙo mini. Gardin ya ce, "Malam, in ya ji ganga, ka riƙe hularka."

Wata biyu ina shafa masa man kaɗe, ina ba shi gwanda da gyaɗa. Inna kullum sai ta ce, "Wanga baƙo naka, yaushe za shi gida?" Da ya warke na kai shi wani kurmi a bayan garinmu, ta hanyar Bukkuyum, na sake shi. Na rubuta ranar da ajami a bangon littafina, na bi majalisa ina shelar biri ya koma wajen danginsa. Ban tambayi kowa ba ko dabbar da ta tashi a kasuwa ta san abin ci a daji.

Bayan kwana tara aka ɗaura auren ɗiyar yayana, ni ne waliyyi. Ana shafa fatiha makaɗa suka saki ganga. Sai ga birin nan ya diro daga kan darbejiya, ya rame kamar tsinke, ya hau kafaɗata ya cire mini hula. Sanƙon da na shekara goma ina ɓoyewa ya haska fili. Ya bi dangin ango ɗaya-ɗaya yana miƙa musu hular. Baffan ango ya laluba aljihu, ya ce, "Ashe Malam na taɓa wagga sana'a?"

Samari kuwa sun ɗauko sanduna, za su kashe shi. Abu ɗaya ke tsayar da birin, a bakin gardi na ji shi. Na durƙusa cikin babbar rigata, na tafa sau uku, na rera da ƙarfi, "Ɗan gari, ɗan gari, kawo wa maigida!"

Ya taho ya ajiye hular, ya rufe kansa da hannu biyu yana jiran bulala. Nan dariyar mutane ta mutu. Na rungume shi.

Washegari na kai shi wajen ma'aikatan gandun daji, waɗanda suka san yadda ake saba wa irinsa da 'yan uwansa a hankali. Na gane ashe sarƙar ƙugu kaɗai na raba shi da ita, na hau shelar ya koma daji. Yanzu na rage shela, Alhamdulillahi. Amma har yau da na ji ganga, hannuna na kan hula.