Ranar da Na Auna Bugun Tabarya

Ko me tsufa zai ɗebe mini daga kai, ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwar Bagudo, ranar da na zubar da girmana da hannuna.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni ne malamin dispansare, saurayi mai farar riga da agogo maƙale a ƙirji. Horon wata tara kacal na yi, amma tun daga Bahindi har bakin iyakar Dahome, wadda yanzu ake ce wa Benin, "Likita" ake kirana, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. Har tafiyata sai da na sake.

Likita na gaskiya sau ɗaya yake zuwa a wata daga babban asibiti. Yana wani bincike a kan majinyatan da ciwo ya ci ƙarfinsu, yana so ya gano alamar da ke fara nuna jini ya soma kasa zagaya jiki, tun mutum bai kai gargara ba. Ya ba ni takardu, ya ce duk rabin awa in ƙirga bugun jijiyar hannun irin waɗannan majinyata in rubuta. Ya kuma bar mini 'yan kwalaben ƙarin ruwa da sharaɗi: in bugu ya haura ɗari da ashirin kuma ya yi rauni, in ɗaura wa mutum nan take. In bai kai ba, in adana, don ba su da yawa.

Sai dai akwai abin da bai sani ba. Ranar da aka koya mana jin bugun jijiya a makaranta, kallon kokawa na tafi. Da na dawo na kwafi littafin abokina, inda ya rubuta "ka ɗora yatsa a wuyan hannu". Bai faɗi wane yatsa ba, ni ma ban tambaya ba (mai farar riga ai ba ya tambaya). Na zaɓi babban yatsa, tunda shi ne babba. Kuma ya yi mini aiki ƙwarai, don ban taɓa kama hannun mutum na rasa bugu ba.

A safiyar ranar aka kawo wani manomi daga Kurgu, Mamman, a kan jaki. Kwana biyu yana amai da gudawa, idanunsa sun faɗa. Yayarsa, Inna Hajo, ita ta rako shi, da tukunyarta da turminta, ta kafa murhu a bayan taga kamar yadda masu jinya ke yi. Na kama hannunsa, na kalli agogo da fuskar manya, na rubuta saba'in da takwas. Bayan rabin awa, tamanin. Lafiya lau ke nan, na bar kwalabe a kabad.

Wajen hantsi Inna Hajo ta leƙo.

"Likita, hannu nai ya yi sanyi awa randa. Ko hitsari bai yi ba tun jiya."

"Inna, ki koma kan kununki," na ce. "Mu da agogo muke aiki, ba da taɓe-taɓe ba."

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar in nutse.

Kafin azahar motar Likita ta tsaya, don ranar zuwansa ce. Na miƙa masa takardar Mamman ina jiran yabo. Ya kalli takarda, ya kalli Mamman, ya sake kallon takarda. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunsa, ya daɗe yana lalube, daga nan ya koma jijiyar wuya. Ya ɗaura abin awon jini, ya hura, ya saurara. Sai ya ce mini "kwalba biyu, yanzu". Da kansa ya nemo jijiya da ƙyar, ya sa aka ɗaga ƙafafun Mamman a kan buhu, ya tsaya a kansa har kwalbar farko ta kusa ƙarewa.

Sannan ya juyo. A lokacin 'yan kasuwa sun cika ƙofa da tagogi, don zuwan mota ba ƙaramin kallo ba ne.

"Malam, nuna mini yadda kake awo."

Na kama hannun Mamman, na danna babban yatsa, na ƙirga. "Casa'in da shida, ranka ya daɗe."

Ya leƙa taga ya ari tabaryar Inna Hajo, ya miƙo mini. "Riƙe ta yadda ka riƙe shi. Danna sosai. Me ka ji?"

Da ina da wayo da na yi shiru. Amma wallahi na ji abu yana motsi a ƙarƙashin yatsana, kuma na saba in na ji in ƙirga. Na kalli agogo, a gaban jama'a, na ƙirga wa tabarya minti guda cur.

"Ɗari da huɗu," na ce.

Inna Hajo ta riƙe haɓa. "Ashe tabaryag ga ta hi Mamman lahiya. A ba ni abata in ci gaba da daka, kar ta gaji."

Dariyar da aka yi, ina jin har bakin kogi an ji ta. Likita dai bai yi ba. Ya ce babban yatsa yana da tasa jijiyar mai bugawa, don haka duk watannin nan zuciyata nake aunawa, bugun Mamman kuwa ya haura ɗari da arba'in, siriri kamar zare. Ya kama yatsuna uku ya jera su a hannun Mamman, ya ce kar in ɗaga sai na ji. Na daɗe kafin in ji.

Mamman ya tashi. Da la'asar ya yi fitsari, ya nemi kunu, bayan kwana huɗu ya hau jakinsa da kansa. Ni kuma garin ya raɗa mini Likitan Tabarya, mata na aiko tambaya ko ina duba muciya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Kafin Likita ya tafi, ya ce in kawo sauran takardun Bagudo, ba za su shiga bincikensa ba. Ina haɗa su na ga ta wata mata daga Matsinkai da ta rasu a hannuna watan da ya wuce. Rabin awa kafin ta cika na rubuta mata saba'in da shida, da kyakkyawan rubutuna. Likita ya ce mai yiwuwa ko an ƙara mata ruwa ba za ta tashi ba. Mai yiwuwa. Ban ji daɗin kalmar ba a lokacin, har yanzu ma ba na ji.

Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki bayan haka, kuma abin da na koya bai wuce wannan ba: kafin ka ce wa mutum jikinsa da sauƙi, ka tabbata ba naka jikin kake ji ba.