Eko a Walimar Ɗiyata

Shekarar da Shari'a ta sa aka jingine kalangu da jita, na ƙudura waƙar ɗalibai a walimar saukar ɗiyata sai ta shiga kaset da eko, wato amsa-kuwwa, kamar ta rediyo. Da na zaɓi na'urar eko, mai shago a Kaura ya ce, "Hajiya, wagga mai arha ba a rage amonta." Na sanar da shi na yi sakandare, na saye ta.

Ranar walima, makirufo na hannuna, na raɗa wa ƙanwata, "Ɓoye naman, mutanen Zurmi ci gare su." Na'urar ta yi ta nanatawa ta lasifika, alhali mutanen Zurmin dangin mijina ne, suna zaune. Astagfirullah.

Har yau ƙanwar mijina daga zaure take sallama: "Matar Yaya, mun iso. Ɓoye, ɓoye, ɓoye!"