Jirgin Tasi'u da Takalmin Baffa Ilu

Da sunan Wanda Ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, Ya kuma raba wa 'yan Adam hankali, ko da yake wasu sukan bar nasu a gida in za su kasuwa. Wannan tarihin sadaukin Funtuwa ne, Tasi'u ɗan Haladu mai bas, ɗan Sambo mai babbar mota, ɗan Madugu Mamuda wanda ya kai jakuna arba'in Gwanja ya dawo da arba'in da ɗaya. Tasi'u barden allon waya, mai babban yatsa kamar takobi, gagara barci, dodon caja, mai difloma a bango da babur a zaure.

Zuriyar Madugu tana da doka guda da ba a taɓa karyawa ba: abin hawa bai zama na gida ba sai babban gida ya gwada shi ya sa albarka. A zamanin jakuna haƙora ake dubawa. Da mota ta zo, sai aka koma dukan taya da ƙafa da sauraron ƙarar inji. Mai riƙe da wannan alƙalanci a zamaninmu shi ne Baffa Ilu, yayan marigayi Haladu, wanda ya shekara arba'in a kan sitiyari, yana da wani takalmin fata da ba ya sawa sai ranar dukan taya. Idonsa ya fara rauni, ya kuma sanar cewa zai miƙa makullin bas ɗin gida, wadda ke ciyar da mutum goma sha tara, ga ɗayan biyu: Tasi'u mai boko, ko Nafi'u ɗan gwaggon Tasi'u, wanda bai san komai a duniya ba sai hanyar Malumfashi. Kowa ya san zuciyar Baffa tana wajen Tasi'u.

Ana haka sai bushara ta iso daga ƙetaren teku. Wasu mutane suna gina wasan kwamfuta mai suna Daular Taurari, da gudummawar jama'a, shekara bakwai ke nan suna cewa baɗi. Wasan bai fito ba, amma jiragen yaƙin da za a tuƙa a cikinsa suna kasuwa. A nan ne mai karatu zai yi haƙuri da zafin alƙalami. Mu ne fa al'ummar da ba ta sayen kankana sai an yanka ta ga ja, mu ne masu ƙwanƙwasa tukunya, masu ɗaga ƙwai a rana. Amma da zarar an haska mana hoto da kiɗa mai tsuma jiki, sai mai difloma ya sayi sirdi alhali ba a haifi uwar dokin ba, sauran kuma su zauna a benci suna cewa zamani ne. Tasi'u ya sayar da baburinsa ranar Talata, ranar Laraba ya wayi gari amirul jaishi, wato sarkin yaƙi, mamallakin Gaggafar Zuhura, jirgi mai igwa goma sha biyu da ɗakin kwana da wurin shan shayi.

Labari ya zaga unguwa cewa jikan Madugu ya sayi jirgi. Mata suka yi guɗa, wani tsoho ya aiko a sa shi a sahun masu zuwa Umra. Baffa Ilu ya kira shi, ya saurari bayanin cewa darajar jirgin za ta ninka ranar da wasan ya fito, sannan ya ce, "Ɗan nan, ni ban yi boko ba. Kai ni in daki tayarsa. In na daka na ji daɗi, makulli naka ne."

Aka yi katari masu wasan suka yi shelar cewa ranar Asabar za su buɗe gareji, kowane mai jirgi ya shiga ya ga dukiyarsa. To, wace rana ce kamar wannan Asabar. Da hantsi sadauki ya yi ɗamara, ya rataya kwamfutar aro kamar garkuwa, ya naɗe wayar wuta a kafaɗa kamar baka, ya cika waya da data har ta yi nauyi a aljihu, ya fita runduna tana biye: 'yan majalisar hira bakwai, mai shayi da ya rufe tebur, mai neman Umra da sandarsa, da Baffa Ilu a tsakiya, takalmin fata yana ƙyalli. Suka yada zango a shagon aski na bakin tasha, inda masana suka tabbatar sabis ya fi ƙarfi.

Aka ja daga. Maƙiyi na farko shi ne saukar da wasan, wani siririn layi mai rarrafe kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Yana kaiwa rabi aka ɗauke wuta. Da wani namijin ne da tuni ya juya, amma Tasi'u ya yi kururuwar da ta tashi tantabarun tasha: "A tayar da janareta!" Janareta ya yi tari sau shida ya kama. Sabis ya ja da baya, sadauki ya hau benci, ya ɗaga waya sama kamar tutar yaƙi, ya tsaya a haka har hannunsa ya mutu aka canza masa da na mai shayi. Azahar ta yi, aka yi salla bi da bi don kada a bar fage ba tsaro. La'asar ta gabato, layi ya tsaya a casa'in da tara cikin ɗari, ya kafe, ya yi taurin kan jakin Madugu. "Saura ƙiris!" in ji amirul jaishi, gumi yana zuba daga haɓarsa. Sai ga nasara. Allo ya yi haske, kiɗa ya tashi, wanzami ya bar kan wani a rabin aski.

Ga wani ɗan mutum a cikin allo, wanda Tasi'u ya ce shi ne, yana tsaye a gareji. Ga kuma Gaggafar Zuhura, baƙa, mai sheƙi, ta cika ido. Runduna ta yi kabbara. Baffa ya gyara tabarau, ya matso, ya tambayi inda taya take. Aka ce jirgin sararin samaniya ba ya da taya. Ya ce to a tayar ya ji inji. Tasi'u ya karanta rubutun da ke gefe, ya fassara da murya ƙasa-ƙasa cewa injin yana cikin abubuwan da za a ƙera nan gaba. Baffa ya ce ba laifi, a buɗe ƙofa ya ga kujeru. Ɗan mutumin ya zaga jirgin sau uku kamar mai neman akuyar da ta ɓata, babu ƙofa. A zagaye na huɗu ya taka wani wuri da ba a gama ginawa ba, ƙasa ta haɗiye shi, ya dinga faɗawa cikin baƙin duhu, hannuwa a baje, jirgin yana ƙanƙancewa a samansa har ya zama ɗigo.

"Ina direban ya tafi?" in ji Baffa.

"Zai dawo, Baffa. Gwaji ne."

Suka jira. Bai dawo ba. Mai neman Umra ya ɗauki sandarsa ya fita ba sallama. Baffa Ilu ya zauna, ya cire takalmin fata, ya kaɗe shi, ya mayar cikin leda, ya sa silifas.

"Wanda ya sayar maka da wannan," ya ce, "shi ne jikan Madugu na gaskiya. In ka gan shi ka gaishe shi."

Da safe Nafi'u ya karɓi makulli, kuma saboda zumunci ya ɗauki amirul jaishi kwandasta. Duk wanda ya bi ta tasha a yau zai ji muryar da ta taɓa umartar janareta tana kiran "Malumfashi, saura mutum ɗaya." A tsakanin lodi da lodi yakan duba waya. Masu wasan sun aiko da albishir cewa ƙofar jirgin ta kusa fitowa, kuma wanda ya biya tun yanzu za a yi masa rangwame.