Wanda Aka Aika Ɗauko Auta

Wani ne aka yi mai shagon kayan lantarki, su ƙwan fitila da soket da fanka. Allah ya jarabce shi da latsa waya. Da ita yake tashi, da ita yake cin abinci, ko bayi zai shiga sai ya duba cajinta tukuna. Tun ana yi masa faɗa har bakin kowa ya gaji. A hankali kan nasa ya koma rariya, duk abin da aka zuba sai ya tsiyaye. Sai ya shiga ɗaki ya tsaya yana rarraba ido, ya manta abin da ya kawo shi. Lambar matarsa kuwa ko da wuƙa a wuya ba zai iya kawo ta da ka ba.

Ran nan da safe matar ta ce, "Maigida, mai babur ɗin da ke ɗauko yara ba shi da lafiya. Yau kai za ka ɗauko Auta daga makaranta. Ƙarfe biyu ake tashi."

"Uhm."

"Me na ce?"

"Kin dai yi magana, na ji."

Ta fizge wayar, ta saita masa ƙararrawa, ta rubuta Auta, makaranta. Ta ce, "Tunda ita kaɗai kake ji, ita ta gaya maka."

Ƙarfe biyu waya ta yi ƙara. Gogan naka ya rufe shago ya nufi makaranta, ido na kan bidiyon wata kyanwa da ke dambe da madubi. Ya isa bakin ƙofa, yara na ta fitowa kamar an buɗe akurki. Bai ɗaga kai ba. Hannun hagu kawai ya miƙa. Wani ɗan ƙaramin hannu ya shiga ciki, ya damƙe, suka kama hanya.

Yarinya ce 'yar shekara biyar. Ita ma kyanwar ce ta janyo ta, tana ta ɗage tana leƙe.

Can ta ce, "Baba, ba nan ce hanyar gida ba."

"Yi shiru, an zo wajen daɗin."

"Baba, yau ka yi tsawo."

"Girma ne."

Suka shiga gida. Matar na kwance a doguwar kujera, ita ma ta kafa wa tata wayar ido, ana tsakiyar wani fim mai dogon zango. Ba ta waiwaya ba ta ce, "Kun dawo? Auta, a cire kayan makaranta, abinci na kicin." Yarinya ba ta yi musu ba. Ta wanke hannu, ta cinye tas, har da neman ƙari.

To, akwai tsohuwarsa a gidan. Idonta ya yi rauni, zare ma sai an zura mata a allura, amma kanta garau yake, ba ta taɓa riƙe waya ba balle ta sha mata ƙwaƙwalwa. Tana zaune bakin ƙofa tana ɗinke maɓallin riga, ta ƙare wa yarinyar kallo.

"Kai, 'yar wa ka kwaso mana?"

"Haba Inna. Har tsufan ya kai ki kasa gane Auta?"

"Tsufan ya kai. Amma da safe da na yi wa Auta wanka namiji ne. Wannan kuwa har da kitso da 'yan kunne."

Waya ta suɓuce wa matar ta faɗo mata a hanci. Ta miƙe tana salati. "Ina ɗana?"

Gogan ya dubi yarinya, ya dubi hannunsa kamar hannun ne ya cuce shi. "Ai kayan makarantar ne iri ɗaya."

"Siket ne fa a jikinta."

"To ai launin nake nufi."

Allah ya taimaka yarinyar ta haddace lambar babanta, ta zayyano ta tiryan-tiryan. Aka kira.

"Malam, ka yi haƙuri, 'yarka tana wajenmu."

"Wace 'ya? 'Yata ga ta nan a gefena, tun da muka dawo muke kallo tare." Can aka jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, "Kai kuma ɗan wa ne?"

Gogan ya washe baki. "Kin ji ko Inna? Ba ni kaɗai ba ne. Musaya aka yi."

Aka yi da mutumin a haɗu a bakin makaranta. Matar ta ce ita tana gida ko yaro zai dawo da ƙafarsa. Ta nuna mijin da yatsa. "Ka shigo gidan nan ba ɗana, kai da wayar ku nemi wata matar."

Tsohuwa ta jawo sandarta. "Mu je tare. In na bar ka kai kaɗai, akuya za ka jawo mana."

Suna isa sai ga mutumin ya fito daga mota riƙe da wani yaro, ɗaya hannun yana latse-latse. Yarinya ta ruga wajen ubanta. Gogan shi ma ya ruga, ya durƙusa, ya rungume yaron ƙam, har da hawaye.

"Ɗana, ɗana. Ka yafe wa babanka. Daga yau ni da waya haihata-haihata." Ya laluba aljihu ya zaro ta. "Tsaya mu yi hoto a tura wa mamanka."

Tsohuwa ta zungure shi da sanda.

"Saki ɗan mutane, wannan ma ba namu ba ne. Namu ga shi can kan bencin mai gadi, tun ɗazu yake ɗaga maka hannu."