Ranar da na tsura wa Darakta ido

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na shiga neman hutu wurin Darakta, wata guda bayan rasuwar Baba.

A makon ne ofishinmu ya ɗauko wani malami ya yi mana bitar kwana biyu a unguwar GRA, wai a koya mana magana a wurin aiki, har da takardar shaida a ƙarshe. Ni dai gangar jikina ce kawai a ɗakin. Duk da haka na rubuta abu uku: kada ka ɓata lokaci da doguwar gaisuwa, ka kalli mutum cikin ido, kuma ka maimaita abin da ya faɗa don ya san ka saurara. (Tun ina yaro Baba ke hana ni biyun farko, amma shi bai taɓa ba ni takardar shaida ba.)

Kwana uku nake so don sadakar arba'in a gidanmu na Gobarau. Ni ne babba, in ba ni nan babu mai tsayawa. Tunda Darakta ne ya kawo bitar, na ɗauka irin maganar da yake so ke nan.

Na shiga ko rusunawa ban yi ba. Na tsura wa dattijon ido, na ce, "Ina buƙatar hutun kwana uku."

Ya cire tabarau a hankali. "Ina kwana dai? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

Nan kaina ya ɗaure. Bakina na son cewa amin, littafina na cewa maimaita. Sai kawai na ji na ce, "In na fahimce ka, ranka ya daɗe, kana cewa Allah ya jiƙan mahaifina?"

Ya nuna mini kujera. "To da mi kake so in ce, ɗana? Zauna, ba ka yi barci ba."

Na zauna, kunya kamar in nutse. Yana cikin sa mini hannu a takardar hutun, sai ga malamin bitar ya zo sallama. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya gaida Darakta har da tambayar jikoki.

Har yau ban san wanne ne darasin ba, abin da ya koya mana ko abin da ya yi. Takardar shaidar dai tana cikin durowa. Amma yanzu duk wanda ya yi wa Baba addu'a, amin nake cewa, ba sai na fahimce shi ba.